Mai Riƙo a Bayan Ƙyalle

A bikin 'yar yayan Auta kowa an yanka masa aikinsa. Wata aka ba ta tarbar baƙi, wata kula da abinci, wata kuma ba a ba ta komai ba amma ta fi kowa zirga-zirga. Da aka zo kan Auta, sai uwar amarya ta kawar da kai ta ce, "Ke kin san naki." Ta kuwa sani. Nata aikin shi ne yayan nata, uban amarya, wanda kowa ke kira Mai Hoto. Ta kawo shi ɗakin taro da ƙarfe huɗu na yamma, a kan ƙafafunsa, bakinsa ba ya wari.

Shekarunta arba'in da bakwai, jikokinta biyu, shugabar makarantar firamare ce da yara ɗari shida ke shiga taitayinsu da sun ji ƙarar takalminta. Amma har yau Auta ake ce mata, don ita ce ta ƙarshe a ɗakinsu, kuma ba wanda ya ga dalilin canza mata suna don kawai furfura ta fara leƙowa.

Ba uwar amarya ce ta fara ɗora mata wannan kaya ba, amaryar ce da kanta. Wata guda da 'yan kwanaki kafin biki yarinyar ta zo gidanta da wani kwalin takalmi, ta zazzage shi a kan tabarma. Hotuna ne, sun fi ɗari uku. Ga ta ranar da ta fara zama, ga ta da giɓi tana dariya, ga ta ranar farko a makaranta da jakar da ta kusa rinjayar ta. Duk ubanta ne ya ɗauka, har zuwa shekararta ta goma sha ɗaya, inda hotunan suka tsaya cak.

"Gwaggo, duba da kyau," in ji ta. "Kin ga Baba a ko ɗaya?"

Auta ta yi ta birkitawa. Babu shi. A guda ɗaya dai ga inuwarsa a ƙasa, doguwa, gwiwar hannu biyu a ɗage.

"Kin san ranar bikin za mu tashi, aikin mijin nawa a wata ƙasa yake. Ban san ranar dawowa ba, kuma kin ga yadda jikin Baba ya koma. Ba na neman komai a wurinsa, Gwaggo. Hoto ɗaya, ni da shi. In Allah ya ba ni haihuwa in nuna in ce ga kakanku."

Auta ta ce ta ɗauki alkawari. Ta faɗa da muryar ofis, wadda ba a musu da ita, sai bayan yarinyar ta tafi gabanta ya faɗi.

Wanda bai san Mai Hoto da ba, ba zai gane abin da ake kewa ba. Shagonsa yana kan babban titi, tsakanin mai gyaran agogo da kantin magani, ɗaki ɗaya da ƙuryar wankin hoto. A bango akwai labule mai zanen tafki da matattakala wadda ba ta kai ko'ina, sai kujera ɗaya mai dogon baya, da kyamara a kan sandarta mai ƙafa uku. Iyayensu sun rasu Auta tana da shekara tara, shi yana da ashirin da biyu, kuma da wannan kyamara ya ciyar da ita, ya ɗinka mata kayan makaranta, ya koya mata ƙulla igiyar takalmi. Shi ne yayan, shi ne uban, kuma da ya gwada yi mata kitso sau ɗaya aka gane ba zai iya zama uwar ba.

Ita ma tana da aikinta a shagon. In aka kawo jaririn da bai iya zama ba, iyaye kuma suna son a ɗauke shi shi kaɗai kamar wani babban mutum, sai Auta ta durƙusa a bayan kujera, a lulluɓe ta da ƙyalle ita da kujerar, ta zura hannu ta ƙarƙashi ta riƙe rigar jariri ta baya. A hoto sai ka ga yaro zaune ɗaram, ba ka san akwai mutum a bayansa tana gumi ba. Doka ɗaya ce: kada yatsa ya fito. Kafin ya latsa, yayan yakan ce, "Kin riƙe?" Ita kuma daga cikin duhun ƙyalle ta ce, "Na riƙe." Rabin manyan unguwar nan, masu tumbi da motoci yanzu, Auta ce ta riƙe su ta ƙeya.

Mutane suna son su ce wayar hannu ce ta kashe shi, da kowa ya zama mai hoton kansa. Wannan magana ce ta masu son rufa asiri, Allah ya saka musu. Auta ta san kwalbar giya ta riga wayar shiga shagon da shekaru. Ta fara daga bayan an rufe, ta koma bayan azahar, har ta kai ana zuwa karɓar hoton aure a tarar da kan ango a yanke. Matarsa ta yi haƙuri iya nata, ta kwashe 'yarta ta tafi, ta auri wani injiniya mai sanyin hali wanda ya riƙe yarinyar tsakani da Allah. Shago ya zama wurin sayar da caja. Mai Hoto ya koma ɗaki ɗaya a bayan wani gareji, sunan dai ya bi shi can.

Auta ta kai masa saƙon 'yarsa. Washegari dai ya aiko mai garejin ya gaya mata ya zubar da abin da ke ƙarƙashin gado. Ranar biki kwanansa talatin da ɗaya ke nan bai taɓa ba.

Da ƙarfe goma na safe ta leƙa shi. Ya yi aski, ya yi wanka, kwat ɗinsa mai ruwan toka na rataye a ƙusa, an goge ta har ta gaji. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, amma idonsa tas yake, irin idon da ta sani tun tana yarinya. Sai da ta juya baya ta share hawaye, ta fake da gyara labule.

"Ƙarfe huɗu ake hoto, Yaya. Mai gareji zai kawo ka uku da rabi. Ba sai ka yi jawabi ba, ba sai ka gaisa da kowa ba. Ka zauna, a ɗauka, shi ke nan."

"Wa zai ɗauka?"

"An ɗauko wata. An ce ta iya."

"To," in ji shi, ya dubi hannuwansa.

Wannan "to" ɗin ya kamata ta tsaya a kansa. Mace mai gane yaron da ya ɓoye takarda a safa daga ƙarshen aji, ta ji wannan "to" ta wuce, don ana ta kiran ta a waya wai ba a ga mayafin amarya ba.

Ƙarfe uku da kwata ɗakin taro ya cika ya batse. Tebura zagaye, fararen ƙyallaye, kiɗa na tashi, mai gabatarwa yana ta zuba surutu ba mai sauraron sa. Auta tana tsaye inda take ganin ƙofar gaba, sai wata mai raba abinci ta taɓo ta. "Mama, akwai wani tsoho a ƙofar kicin, wai shi ne uban amarya. Mun ce ya zagaya ta gaba ya ƙi."

Tun daga nesa ta gani. Yana tsaye tsakanin manyan tukwane da kwandon shara, ya dafa bango da yatsu biyu kamar ba dafawa yake ba. Kwat ɗin na jikinsa, maɓalli ya shiga ramin da ba nasa ba. A wuyansa ga tsohuwar kyamarar hannu a jakarta ta fata. Da ya gan ta ya washe baki, ya saki bangon, ya yi taga-taga.

"Auta! Na zo da wuri, kin gani? Ban jira mai gareji ba."

Warin ya riga maganar isowa. Ya yi tatul.

Ta saƙala hannunta a nasa kamar masu zuwa yawo, ta yi wa masu kicin murmushin da ya ce kowa ya ji da tukunyarsa, ta ja shi ta wani siririn lungu. A ƙarshen lungun akwai ɗakin ajiya, kujeru an jibge su har rufi, ƙyallayen tebur a ninke a kan kanta, taga ɗaya mai ƙura. Ta sauko da kujera ta zaunar da shi. Ta koma kicin ta karɓo ruwan sanyi, da kofi baƙi ba sukari, da guntun burodi, da tawul a jiƙe. Ta san kofi ba ya fitar da abin da ya shiga jini, ta sani sarai, amma mutum yana bukatar abin da zai yi da hannunsa in ba haka ba ya shaƙe ɗan'uwansa.

"Sha."

Ya sha, rabi a baki rabi a haɓa. Ta goge masa fuska da tawul, da ƙarfi fiye da yadda ake bukata. Ta ɓalle maɓallan ta mayar da kowane gidansa.

"Kwana talatin da ɗaya, Yaya. Awa shida kawai suka rage maka. Awa shida!"

"Murfi ɗaya na ce zan sha."

"Murfin tanki?"

Ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Ya lallaɓa jakar fatar a ƙirjinsa. "Ba ki gane ba. Fim na kyamara na samo. Kin san wahalar da na sha kafin in samu fim a garin nan? Da kika fita na ɗauko ta in saka. Auta, abin da nake yi a duhu, ido rufe, ina hira. Na kasa. Hannun nan sai rawa yake, bakin fim ɗin ya ƙi shiga. Na fi awa ɗaya ina fama." Ya ɗaga hannun ya nuna mata. Yanzu kam ba ya rawa ko kaɗan. "Da na sha ɗaya ya shiga. Sai na ce in ƙara ɗaya saboda lokacin latsawa."

"Wa ya ce ka ɗauki hoto? Zama aka ce ka yi!"

"Shekara talatin ina ɗaukar 'ya'yan mutane ranar aurensu. Tawa kuma wata ce za ta ɗauka, wadda ba ta san ta hagu fuskarta ta fi kyau ba?" Ya sunkuyar da kai. Da ya sake magana muryar ta yi ƙasa. "Ni ban iya zama a gaban kyamara ba, Auta. Na san abin da take gani. Ba ta rufa wa kowa asiri."

Fushin da ta taho da shi ya nemi wurin zama ya rasa. Ta tsaya da tawul a hannu tana kallon tsakiyar kansa inda gashi ya zube. Kewarsa ta kama ta, kewa mai ciwo, alhali ga shi a gabanta tana jin numfashinsa. Shekara goma sha biyar ke nan tana zuwa ɗakinsa da kwanon abinci tana neman yayanta, wani lokaci ta same shi na minti goma, yawanci ta tarar da wannan mutumin da ya ari muryarsa. Yau da safe ta gan shi da idonta, har ya tambaye ta ciwon gwiwarta. Da ta san na awa ɗaya ne da ta zauna.

Aka turo ƙofa. Uwar amarya ce, cikin ado, injiniya a bayanta. Ta shaƙi iskar ɗakin sau ɗaya, fuskarta ta rufe.

"Na sani," in ji ta. "Wallahi tun jiya jikina ya ba ni. Auta, fitar da shi ta baya tun dangin ango ba su gani ba. Shekara goma sha biyar ina tsare yarinyar nan daga irin wannan rana."

"Mota tana nan kusa," in ji injiniya a hankali, idonsa a ƙasa. "Ni da kaina zan kai shi, ba sai an kira direba ba."

Ba mugunta ba ce, kuma Auta ta san haka. Ta dubi agogo, huɗu saura kwata. Ƙarfe biyar motar filin jirgi za ta tashi. Ta dubi yayan. Ya yi ƙoƙarin miƙewa ya gaida tsohuwar matarsa, ƙafa ta ƙi, ya koma ya zauna, sannan a hankali ya fara zamewa ta hagu. Ta tare shi da cinya ta mayar. Ta saki, ya sake tafiya. Ko zaman ma ba zai iya ba.

"Ku ba ni minti goma," in ji ta.

"Minti goma ya yi me? Ya zama wani mutum?"

Auta tana shirin cewa a kawo motar ke nan, sai suka ji shassheƙar doguwar riga a lungu. Amarya ce, ita kaɗai, ta tattare farar rigarta da hannu biyu don kada ta sha ƙasa. Wani ya kai mata labari, a biki ba a rasa mai wannan taimako. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baba."

"Mamana," in ji shi, sunan da yake kiran ta tun tana zanen goyo. Ya ɗago kai da ƙyar. "Kai, masha Allah. Ɗan juyo ta hagu in gani."

Ba ta juya ba. Ta dube shi, ta dubi kofin da tawul ɗin, ta dubi cinyar gwaggonta da ke tokare da kafaɗarsa. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Sai ta yi wani ɗan murmushi na wanda ya saba zuwa ya tarar an rufe.

"Ba komai, Gwaggo. Kin yi ƙoƙari. A kai shi gida ya huta."

Wannan "ba komai" ya soki Auta fiye da duk abin da ta ji ranar. Yarinya 'yar shekara ashirin da shida, a ranar aurenta, ta iya janye roƙonta da sauri haka, ba ko gardama. Auta ta kawar da kai don kada a ga idonta, sai ya sauka a kan kanta, kan fararen ƙyallayen nan da aka ninke. Ta dube su. Ta dubi jibgin kujeru, masu dogon baya ne, da sarari tsakanin baya da mazauni, daidai shigar hannu.

"Injiniya," in ji ta, muryar ofis ta dawo, "don Allah kira min mai ɗaukar hoton. Ita kaɗai. Ke kuma amarya, tsaya nan, kada ki motsa."

Mai ɗaukar hoton doguwar mace ce mai kyamara biyu a wuya da fuskar wadda ta ga iri-iri a bukukuwa. Ta shigo, ta karanci ɗakin, ba ta tambayi komai ba sai, "A nan?"

"A nan."

"Haske bai isa ba, sai na kunna fitila."

"Kar ki kunna," in ji Mai Hoto daga inda ya karkace, ido rabi a rufe. "Zai kashe farar rigar. A goge tagar nan, a juya kujera ta ba ta kafaɗa. Ke ki ja baya taku biyu, ki ɗan rage tsawo."

Matar ta dube shi, ta dubi tagar. Ta karɓi tawul daga hannun Auta ta goge gilashin da kanta. Rana ta shigo a kwance, mai laushi. "Baba ya san aiki," in ji ta, ta ja baya taku biyu.

Injiniya ya taimaka aka juya kujerar da mutumin a kanta, ya rataya ƙyalle ɗaya a jikin jibgin kujeru ya zama bango. Auta ta cire kyamarar daga wuyan yayan. Ya riƙe igiyar, ta ce, "Aro nake, zan dawo maka da ita," ya saki. Ta tuɓe takalmanta masu tsini, ta cire ɗankwalin da aka ɓata awa guda ana naɗa mata, ta miƙa wa uwar amarya.

"Me za ki yi?" in ji uwar amarya.

"Aikina na da. Ki lulluɓe ni, ni da bayan kujerar, ki saki ƙyallen har ƙasa."

Ta durƙusa. Gwiwoyin suka yi ƙara, suka tuna mata shekarunta. Ƙyalle ya sauko a kanta, duniya ta koma fari-fari mai duhu, da ƙanshin sabulu da guga. Ta zura hannun dama ta ƙarƙashin kwat ta damƙi bel ɗinsa, ta sa na hagu ta tallafi haƙarƙarinsa ta gefen da yake zamewa, ta kafa goshinta a bayan kujera, ta ja. Ya miƙe. Bai da nauyi, abin da ya ba ta tsoro ke nan. Mutumin da yake ɗaukar ta a wuya ya tsallaka titi da ita, yanzu ƙasusuwansa take ƙirgawa da tafin hannu.

Ta ji rigar amarya ta matso, ta ji hannun yarinyar ya sauka a kafaɗarsa, ta ji bayan nasa ya ɗauki rawa. A cikin ƙyallen nan komai ya dawo mata. Ƙamshin ruwan wankin hoto, rediyon mai gyaran agogo ta bango, takun yayanta yana zagaya sandar kyamara yana yi wa jariri wasa da makullai. Ta so a ce in ta yaye ƙyallen za ta gan shi can tsaye, ɗan shekara ashirin da biyar, hannun riga a naɗe, yana ce mata ta je ta sayo musu abin karyawa.

"Baba, ɗago haɓa kaɗan," in ji mai ɗaukar hoton. "Yawwa. Amarya, matso. Zan ƙirga uku."

Sai ta ji muryarsa ta cikin bayansa, ƙasa-ƙasa, ba layi ba tangaɗi, muryar shago.

"Kin riƙe?"

Ta ƙara damƙe bel ɗin.

"Na riƙe, Yaya."

Kyamara ta yi ƙara sau uku.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa. Da ta saki ya kife gaba, injiniya ya tare. Ya yi amai a lungu, kaɗan ya rage ya samu gefen farar rigar. Amarya ta durƙusa ta riƙe hannunsa ta yi masa sallama, shi kuwa yana ta ba ta haƙuri yana kiran ta da sunan uwarta. Auta ta mayar da takalmi, ta yafa ɗankwali yadda ya samu, ita da injiniya suka fitar da shi ta ƙofar kicin. Ta ce wa injiniya ya koma, ana neman sa a hoton dangi, ta tare tasi. A ɗakin bayan gareji ta cire masa takalmi, ta kwantar da shi a kan gefensa, ta tokare bayansa da filo, ta ajiye bokiti kusa. Ta zauna a bakin gado tana sauraron numfashinsa. Ƙarfe biyar ta yi mata a nan. Ba ta shiga hoton dangi ba, ba ta ga fitar amarya ba, kuma ba ta samu ta rungume yarinyar ba.

Bayan sati uku ambulan ya iso ofishinta, da tambarin wata ƙasa. Ba ta buɗe a makaranta ba. Da aka tashi ta wuce bayan gareji, ta same shi zaune a ƙofar ɗaki yana shan iska. Kwana goma sha tara ke nan bai taɓa ba, in ji mai gareji. Auta ta daina ɗora rai a kan lissafin kwanaki, amma ta ji, kuma ta riƙe.

Suka buɗe tare. Hoto ne babba. Ga dattijo cikin kwat mai ruwan toka, zaune ɗaram, haɓa a ɗage, hasken taga ya kwanta masa a rabin fuska. Ga 'yarsa tsaye, ta ba da gefen hagu, hannunta a kafaɗarsa. Idonsa ya ɗan yi ja, amma wane uba ne idonsa ba ya ja ranar auren 'yarsa? Duk wanda ya gani zai ce ga mutumin kirki da ya aurar da 'ya.

Ya riƙe hoton ta gefe-gefe yadda ba zai bar shaidar yatsa ba. Ya daɗe yana kallo. Ya kai shi nesa, ya matso da shi, ya bi kusurwa huɗu da ido kamar yadda yake yi kafin ya miƙa wa mai shi. Sai ya tsaya a wuri ɗaya.

"Auta."

"Na'am."

"Yatsunki sun fito."

Ta karɓa ta duba. Ga su nan kuwa, a gefen hagu, ƙasan aljihun kwat, yatsu huɗu sun leƙo daga bakin ƙyalle sun nutse a haƙarƙarinsa, har da zobenta. Shekara bakwai tana wannan aiki tana yarinya ba a taɓa kama ta ba.

"Tsufa ne," in ji ta. "Yanzu ai gogewa suke da na'ura, minti ɗaya. Ban san me ya hana matar nan ba. Bari in kira ta."

"Dakata. Akwai rubutu a baya."

Ta juya. Rubutun yarinyar ne, da biro shuɗi, ya ɗan karkace.

Ta karanta a zuci, ta sake karantawa. Ya ce ta karanta masa, ba ya gani sosai in ba tabarau. Sai da ta gyara murya sau biyu.

"Ta ce, mai hoto ta tambaye ta ko a goge, ta ce a bari. Ta ce, 'Ni da Baba da Gwaggo.'"

Ya karɓi hoton ya juya shi, ya sa babban yatsansa kusa da nata huɗun, bai taɓa takardar ba. A gareji wani yana ta bugun ƙarfe. Auta ta jawo wata kujera ta zauna kusa da shi, ta gefen hagu.